Idan Kati Ya Hau Kan Kati: Me Ya Sa Whot Ba Ya Rabuwa da Gardama?

Duk wanda ya saba wucewa ta majalisun samari a Garki ta jihar Jigawa bayan la'asar, ko ya taɓa zama a ɗakunan kwanan ɗalibai a Gumel da Dutse, ya san da wuya a daɗe ana kartar Whot murya ba ta tashi ba. Yawancin gardamar kuma ba ta maguɗi ba ce. Ba a cika jin an ce wane ya ɓoye kati a ƙarƙashin cinya ba. Abin da ake ja-in-ja a kai shi ne hukunci. Wani ya saki 2, na gefensa ya ɗora wani 2 a kai, na uku ya miƙa hannu zai ɗauki kati biyu, sai a ce masa huɗu ne. Ya rantse biyu ne, su rantse huɗu ne, alhali babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa yana faɗin abin da ya tarar a inda ya koyi wasan.

Tushen matsalar guda ne. Kowa ya san aikin kowane kati idan shi kaɗai ya faɗo. Abin da ba a zauna an yanke ba shi ne abin da zai faru idan umarnin wani kati ya ci karo da na wani. Masu tsara manyan wasannin kati na duniya sun gamu da wannan matsala tun da daɗewa, sun kuma samar mata da ƙa'idoji waɗanda majalisar Garki za ta iya amfana da su ba tare da ta sauya wasanta ba.

Abin da ke cikin kwalin

Asalin Whot daga Ingila yake. Wani mai suna William Henry Storey ne ya ƙirƙiro shi, aka yi masa rajista a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons na birnin Leeds ya karɓi buga shi da sayar da shi. Amma a Nijeriya ne ya sami gindin zama, har yau da wuya ka shiga gari ka rasa shagon da ke sayar da shi.

Kwalin da aka saba saye yana da kati 54: da'ira 12, alwatika 12, kuros 9, murabba'i 9, tauraro 7, sai guda 5 masu lamba 20 waɗanda su ne ake kira Whot. Babu lamba 6 a ciki, babu 9. Dokar gama-gari mai sauƙi ce: ka bi katin da ke ƙasa da mai irin siffarsa ko mai irin lambarsa, in ba ka da shi ka je kasuwa, wato tarin katunan da suka rage bayan rabo, ka ɗauki ɗaya. Wanda ya riga ƙarar da na hannunsa shi ya ci.

Da a nan aka tsaya da babu abin gardama. Sai dai a salon wasan Nijeriya an ba wasu lambobi iko. Lamba 1, holon, kowa ya dakata mai shi ya sake wasa. Lamba 2, fik-tu, na gaba ya ɗauki biyu. Lamba 5, fik-tiri, ya ɗauki uku. Lamba 8, safenshan, a tsallake na gaba. Lamba 14, janar-maket, kowa ya je kasuwa ban da wanda ya saka. Lamba 20 kuwa tana hawa kan kowane kati, mai ita ya nemi siffar da yake so.

Yanzu a ƙirga. Akwai 1 guda biyar, 2 guda biyar, 5 guda biyar, 8 guda uku, 14 guda huɗu, 20 guda biyar. Jimilla 27 ke nan, rabin kwalin daidai. Ma'ana, a cikin kowane kati biyu da aka raba, a bisa ƙiyasi ɗaya mai ba da umarni ne. A dara kowane ɓangare yana da 'ya'ya 12 kuma babu ɗan da ya fi ɗan'uwansa iko, shi ya sa gardamar dara ta fi karkata ga dabara. A Whot kuwa, inda rabin katunan ke da bakin magana, dole umarni ya riƙa hawa kan umarni a kusan kowane zagaye.

Dokar da ke zaune a baki

Ɗauki katin 2 ka duba shi gaba da baya. Babu inda aka rubuta cewa wani zai ɗauki biyu. Siffa ce da lamba kawai. Ikon katin yana cikin kawunan 'yan wasa, daga baki zuwa baki yake yawo, kuma abin da ke yawo a baki yana sauya kama a hanya.

Matasan Garki kuwa ba mazauna wuri ɗaya ba ne. Wani yana Kwalejin Ilimi ta Gumel, wani yana Jami'ar Tarayya ta Dutse, wani yana Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. Wani ya yi ci-rani a Legas ko Abuja, wani yana bin kasuwar Maigatari kowace Alhamis yana cuɗanya da mutanen ko'ina. Ga 'yan hidimar ƙasa da ake turowa makarantu daga kudu. Idan hutu ya zo aka haɗu a tabarma ɗaya, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Hatta manhajojin Whot na wayar salula, da yawansu suna barin mutum ya kunna wata doka ya kashe wata kafin ya fara, domin masu yin su sun san babu salo guda da ƙasar ta haɗu a kai.

Bambancin salo ba aibi ba ne. Aibin shi ne a fara wasa kowa yana zaton salonsa ake bi, sai an zo mahaɗa a gane ba haka ba ne, a daidai lokacin da kowa ya riga ya ga hukuncin da zai amfane shi.

Mahaɗun da ake karo

Ta farko ita ce tare hukunci. An sakar maka 2, kana da 2. Akwai al'adu uku. Wasu sun ce babu tarewa, ka ɗauka kawai. Wasu sun ce ka tare, hukuncin ya wuce ga na gaba a matsayin biyu. Wasu sun ce a tara, ya zama huɗu, in an sake ɗorawa shida. A wannan salo na uku, tunda 2 guda biyar ne a kwali, mutum ɗaya zai iya kwasar kati 10, a fik-tiri kuwa har 15. Daga nan reshen tambayoyi ke tsirowa: shin 5 zai tare 2 idan siffarsu ɗaya? Shin Whot, da aka ce yana hawa kan komai, zai iya kashe fik-tu?

Ta biyu ita ce abin da ke biyo bayan holon. Ka saki 1 na da'ira, an dakata maka. Dole ne ka bi shi da da'ira ko wani 1, ko kuwa kowane kati ka ga dama? In ba ka da na bi, za ka je kasuwa ne ko layi zai wuce haka nan? Idan mutum biyu ne ke wasa, holon da safenshan aikinsu ɗaya ne, layi ya dawo kanka. Wanda ya saba wasan mutum biyu yakan shigo wasan mutum biyar da wannan fahimta, ya saki 8 ya ƙara miƙa hannu, sai a riƙe shi.

Ta uku ita ce janar-maket. Bayan kowa ya ɗauka, wa ke da wasa, mai 14 ko na gefensa? Wa zai fara ɗauka? Kada a raina wannan tambaya, domin katin da ke saman kasuwa zai iya zama Whot, kuma wanda ya fara miƙa hannu shi zai same shi.

Ta huɗu, wadda ta fi zafi, ita ce ƙarewa da kati mai iko. Wasu majalisu sun hana cekof, wato ƙarewa, da 2 ko 14 ko 20. Waɗanda suka yarda kuma sun rabu: shin katin zai yi aikinsa, ko wasa ya mutu da zarar hannu ya zama fanko? Idan ana wasan ƙirge, inda mai maki mafi yawa ke fita, wannan ne ke raba wanda zai zauna da wanda zai tashi. A ƙirge tauraro ninki biyu yake, wato 8 na tauraro 16 ne, Whot kuma 20. A ɗauka mutum huɗu ne, na farko ya ƙare da 14. Sauran suna riƙe da maki 7 da 12 da 18. In wasa ya mutu nan take, mai 18 ne ya fita. In kuwa an ce sai an je kasuwa, mai 7 ya jawo Whot ya koma 27, mai 18 ya jawo 3 ya tsaya a 21, mai 12 ma bai kai 27 ba, to wanda ya fi kowa sauƙin hannu shi ne zai tashi. Kati ɗaya, hukunci biyu, sakamako biyu.

Ta biyar ita ce farkon wasa da ƙarshen kasuwa. Katin da aka buɗe da farko in ya zama 2, zai hau kan mai fara wasa? In Whot ne, wa zai nemi siffa? Idan kasuwa ta ƙare alhali wani yana da bashin kati huɗu, a sake gauraya na ƙasa ne ko a tafi ƙirge? Ga kuma batun las-kat, wato sanar da cewa kati ɗaya ya rage maka: wanda ya faɗa, aka sa shi ɗaukar biyu, ya sake dawowa kan kati ɗaya, sai ya sake faɗa?

Yadda wasu suka fita daga wannan

A 1993 wani masanin lissafi a Amurka, Richard Garfield, ya fito da wasan Magic: The Gathering ta hannun kamfanin Wizards of the Coast. Shi ne ya buɗe ƙofar wasannin katin da ake tarawa ana musaya, inda kowane ɗan wasa ke haɗa nasa kwalin daga katunan da ya mallaka. Pokémon ya biyo baya a Japan a 1996, sai Yu-Gi-Oh! na kamfanin Konami a 1999. A irin waɗannan wasanni, kowane kati yana ɗauke da rubutun aikinsa a jikinsa, kuma Magic kaɗai yana da katuna daban-daban fiye da 20,000. Babu mai iya rubuta hukuncin haɗuwar kowane kati da kowane kati. Don haka, maimakon su jera amsoshi, sai suka kafa ƙa'idojin da ake fitar da amsa daga cikinsu. Kundin dokokin Magic ya haura shafi 200, amma ginshiƙansa kaɗan ne.

Na ɗaya, idan rubutun kati ya saɓa wa dokar gama-gari, rubutun kati ake bi. Na biyu, idan wani kati ya ba da izinin yin abu, wani kuma ya hana, hani ne ke rinjaye. Ɗaliban usulul fiƙihu da na shari'a ba za su ji wannan baƙo ba, domin fifita keɓantaccen hukunci a kan gama-gari, da rinjayar da hani a kan izini idan sun haɗu, hanyoyi ne da hankali ya daɗe yana bi wajen warware karon dokoki. Na uku, idan abu ya shafi kowa a lokaci guda, mai wasa ne ke fara zaɓi, sauran su biyo bisa jerin zama.

Na huɗu shi ne tsarin da suka shigo da shi a gyaran dokoki na 1999. Kati ba ya aiki da zarar an sake shi. Sai an ba abokin karawa damar mayar da martani, in ya mayar a ɗora nasa a kai, har kowa ya ce ya gama. Daga nan a warware daga sama zuwa ƙasa, kamar jeren kwanuka, wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara ɗaukewa. Misali, kana da mayaƙi mai ƙarfi 2, abokin karawa ya jefo katin da ke yin lahani 3. Ka mayar da katin da ke ƙara ƙarfi 3. Naka ne a sama, shi zai fara aiki, mayaƙin ya zama mai ƙarfi 5, ya tsira. Amma da kai ka fara sakin katin ƙarin ƙarfi, shi ya mayar da na lahani, da mayaƙin ya mutu kafin ƙarin ya iso. Katuna iri ɗaya ne, jerin saki ne ya bambanta, kuma babu gardama domin kowa ya san jerin tun farko. Yu-Gi-Oh! ma a kan warwarewa daga na ƙarshe zuwa na farko ya ginu.

Na biyar, alƙali. A gasanninsu akwai alƙalan da aka horar, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa babban alƙalin gasar, maganarsa kuma ita ce ta ƙarshe a ranar.

Akwai darasi kuma daga Uno, ɗan'uwan Whot na kusa, wanda wani mai aski a jihar Ohio, Merle Robbins, ya ƙirƙiro a 1971. A 2019 kamfanin da ke da wasan ya fito fili ya ce ba a ɗora katin ɗauki-biyu a kan na ɗauki-huɗu don a tara wa na gaba. Jama'a da yawa a duniya suka yi ca, suka ci gaba da tarawarsu. Ko da akwai kamfani mai rubutacciyar doka, al'adar gida takan rinjaye ta. Don haka kada majalisar Garki ta jira wata hukuma ta aiko mata da dokar Whot. Ita ce hukumar kanta.

A gwada ƙa'idojin a kan Whot

Idan aka ɗauki waɗannan ginshiƙai aka auna mahaɗunmu da su, yawancinsu suna warwarewa da kansu.

Whot da fik-tu: ikon lamba 20 izini ne, ta hau kan kowane kati. Umarnin lamba 2 hani ne, ba ka da wasa sai ka ɗauka. Hani ya rinjayi izini, saboda haka Whot ba ya tare fik-tu. Da wannan ma'auni 8 ko 1 ma ba su kuɓutar da kowa daga hukunci, kuma wanda aka tsallake ba ya mayar da martani.

Tarewa da 2: a ɗauki umarnin a matsayin rataye, bai sauka ba sai na gaba ya amsa. Amsa biyu ce kawai a gabansa, ya ɗauka ko ya ɗora irin lambar. Ni ina goyon bayan a bar tarewa da lamba iri ɗaya tak, domin tana sa mutum ya yi tunanin ajiye 2 don kariya, wasan ya ƙara armashi. Batun tarawa kuwa zaɓi ne na majalisa, amma in mutane sun yi yawa gara a bar shi, domin kwasar kati 10 na cinye kasuwa ya kashe wasan.

Holon: ikonsa shi ne ya ba ka dama ta biyu, bai ce ya ɗauke maka dokar gama-gari ba. To ka bi siffa ko lamba, in babu ka je kasuwa. Janar-maket: ɗauka ta fara daga na gaba da mai 14, ta zagaya bisa jerin zama.

Ƙarewa da kati mai iko: a rubutacciyar dokar Uno, idan katin ƙarshe na sa ɗauka ne, na gaba sai ya ɗauka kuma a ƙirga masa. Wannan ya fi dacewa da hankali, domin katin da ya faɗo bisa ƙa'ida bai kamata ikonsa ya danganta da yawan abin da ya rage a hannun mai shi ba. Majalisar da ke ganin hakan ya yi tsauri tana iya hana ƙarewa da irin waɗannan katuna baki ɗaya. Abin da bai kamata ba shi ne a bar shi a buɗe har sai ya faru.

Tun ran gini ran zane

Lokacin da ya dace a yanke duk wannan shi ne kafin a raba karta, domin a sa'ar nan ne kawai babu wanda ya san abin da zai shigo hannunsa. Wanda bai san ko shi zai riƙi 2 ko shi za a sakar wa ba, zai zaɓi dokar da yake ganin adalci ce. Da zarar ya ga katunansa, son kai ya shigo, ko da shi mutumin kirki ne.

Tambayoyi biyar sun isa, ba za su ci minti biyu ba. Ana tarewa, kuma da me? Ana tarawa? Me ke bin holon da janar-maket? Ana ƙarewa da kati mai iko, kuma yana aiki? In kasuwa ta ƙare, gaurayawa ko ƙirge? Sai a naɗa wanda zai raba gardama, zai fi kyau ya zama wanda ba ya cikin zagayen. In abin da ba a tanada ba ya taso, ya yanke, a bi, in an gama zagayen a zauna a mayar da shi doka ko a gyara. Baƙo kuma ya bi dokar tabarmar da ya tarar, masu tabarma su faɗa masa ita kafin ya karɓi kati. Majalisar da ta rubuta nata a bayan kwali ko ta ajiye a waya ta huta.

Ba za a rufe wannan magana ba sai an taɓo caca, domin ita ce ta ɓata sunan karta a idon iyaye. Haramcinta a bayyane yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000. Duk abin da aka faɗa a nan ya shafi wasan da babu ko sisi a kansa, wanda ba ya cin lokacin salla ko na aiki. Kuɗi na shiga, gardamar biyu ko huɗu ta tashi daga musu ta koma rigima, kuma babu ƙa'idar da za ta gyara abin da tushensa ya ɓaci.

Na damu da wannan batu ne domin majalisar karta na cikin wuraren farko da saurayi ke zama da tsaransa su tafiyar da wani abu babu babba a kansu. A nan yake koyon cewa doka ana yin ta ne kafin a san wanda za ta ci, cewa hukuncin da ka amince da shi yana hawa kanka ranar da bai yi maka daɗi ba, cewa mai raba gardama ana bin maganarsa ko da ka fi shi murya. Waɗannan samari su ne gobe za su riƙe ƙungiyoyin unguwa, adashi, kwamitin masallaci da na kasuwa, inda dokoki ke karo fiye da na Whot kuma abin da ake rasawa ya fi zagaye ɗaya. Wanda ya saba tambayar ƙa'ida kafin a raba kati, zai tambaye ta kafin a raba kuɗin ƙungiya.